Tarar gudun wuce sa'a a Kalifoniya: biya, makaranta, ko kotu?

Baban Aisha, Sacramento:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan. Makonni uku da suka wuce ina dawowa daga Stockton a kan babbar hanya mai lamba 99 bayan la'asar, iyalina suna cikin mota, sai jami'in sintiri ya kunna mini fitila ya tsayar da ni a gefen titi. Ya ce na'urarsa ta nuna ina gudun mil 81 a awa, alhali iyakar wurin mil 65 ce. Ya miƙo takarda na sa hannu, ya kuma bayyana mini cewa sa hannun ba amsa laifi ba ne, alkawari ne cewa zan amsa kiran kotu. Jiya sanarwar kotu ta iso, kuɗin da aka rubuta ya haura dala 360, kuma an ba ni zaɓi uku: in biya a rufe magana, in biya in shiga makarantar masu laifin hanya, ko in musanta a yi shari'a. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ina da maki guda na laifin hanya a kundin tuƙina da ke wurin hukuma tun watanni 14 da suka wuce, lokacin da ban tsaya cak a alamar tsayawa ba, na kuma biya tarar ba tare da na tambayi kowa ba. Inshorar motocinmu biyu dala 2,400 ce a shekara. Sannan baɗi nake shirin neman zama ɗan ƙasa. Wace hanya ce ta fi dacewa da ni?

Alhaji na Bronx:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya tsare gaba. Shekaru masu yawa ke nan ina tuƙin haya a birnin New York, kuma abin da na koya shi ne kada mutum ya yi gaggawar biya, domin biyan tara amsa laifi ne a idon doka, kuma da zarar ka biya, ƙofar magana ta rufu. A nan birnin ba ma kotu ake kai mu ba, wani sashe ne na hukumar motoci ta jiha da ake kira TVB, kuma a can babu sasantawa ko kaɗan: ko ka yi nasara ko a same ka da laifi. Idan kuwa a wajen birni aka kama ka, a kotunan ƙananan garuruwa mai gabatar da ƙara yakan yarda a mayar da laifin gudu ya koma ƙaramin laifi marar maki. Wanda aka samu da wuce iyaka da mil 21 zuwa 30 maki shida zai ɗauka a tashi ɗaya, kuma maki shida cikin watanni 18 suna jawo wani haraji dabam na dala 100 a kowace shekara har shekara uku, ban da tarar kanta. Mu direbobin haya kuma hukumar TLC mai ba mu lasisin haya tana da nata lissafin, maki shida cikin watanni 15 suna iya sa a dakatar da mutum wata guda, wata guda kuwa ba aiki a birnin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kuɗin haya a wuyansa. Shi ya sa duk takardar da aka ba ni sai na kai ta gaban alƙali. Shawarata ka musanta. Sau da yawa jami'in ba ya zuwa, ko ya zo ya kasa bayyana yadda ya gwada na'urarsa.

Hajiya ta Fresno:

Alhaji, ranku ya daɗe, abin da kuka faɗa daidai ne a New York, amma kowace jiha da tsarinta, kuma a Kalifoniya lissafin ya sha bamban. Ina aiki a ofishin dillancin inshora, kullum irin wannan takarda tana zuwa teburina, saboda haka bari in yi wa Baban Aisha lissafin a fili.

Tun 1988 masu zaɓe a jihar nan suka amince da ƙudurin da ake kira Proposition 103, wanda ya tilasta wa kamfanonin inshora su rage aƙalla kashi 20 cikin 100 ga direba nagari. Sharaɗin shi ne mutum ya yi shekara uku da lasisi, kuma kada makinsa ya wuce guda ɗaya a cikin shekara ukun da suka gabata. Ɗan'uwa, kana da maki guda, saboda haka har yanzu kana cikin ragin. Idan wannan na biyun ya hau kundinka, ragin ya tafi. Dala 2,400 da kake biya farashi ne bayan an yi ragi, ma'ana asalin farashin dala 3,000 ne, ka ga ƙarin dala 600 ke nan a shekara. Makinka na farko zai cika shekara uku nan da watanni 22, don haka kusan shekara biyu za ka yi kana biyan wannan ƙari, sama da dala 1,000 ke nan, kuma wannan ban da ƙarin da kamfani zai ɗora maka saboda sabon laifin kansa, domin dokar ta sa tarihin tuƙi a gaba cikin abubuwan da ake yanke farashi da su. Kamfani ba ya sanar da kai ranar da aka hukunta ka. Sai lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, a duba kundinka, ka ga sabon farashi a wasiƙa.

Makarantar kuwa aikinta ɗaya ne: idan ka kammala, ana ɓoye hukuncin, makin ba ya hawa, kamfanin inshora kuma ba ya gani. Ana ba mutum wannan dama sau ɗaya a cikin watanni 18, ana ƙirgawa daga ranar laifi zuwa ranar laifi. Magatakardan kotu ba ya iya ba da ita idan gudun ya wuce iyaka da fiye da mil 25, kai kuwa mil 16 ne. Za ka biya tarar gaba ɗaya, ka biya kuɗin kotu na shiga makaranta wanda ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma, sannan ka biya makarantar, wadda za ka iya yi ta intanet a ɗakinka muddin tana cikin waɗanda hukumar motoci ta jiha, wato DMV, ta ba lasisi. Da a ce ka san da wannan watanni 14 da suka wuce, da yanzu kundinka fes yake.

Baban Aisha, Sacramento:

Na gode ƙwarai, Hajiya. Wallahi ban taɓa sanin cewa ragin da nake gani a takardar inshora yana rataye da maki guda ba. Amma abin da ke ci mini rai shi ne mil ɗaya tak ya jefa ni cikin babban aji. An ce asalin tarar mil 1 zuwa 15 dala 35 ce, ta mil 16 zuwa 25 kuma dala 70, sai ƙare-ƙaren jiha da gunduma su ninka ta. Ni kuma lokacin da na ga fitilarsa na dubi agogon mota, allurar tana tsakanin 78 da 80.

Ɗan Katsina a San Jose:

To ai ga hanya, Yaya. A jihar nan akwai shari'a ta rubutu, ba sai ka bar aiki ka je kotu ba. Za ka cike takarda mai lamba TR-205, ka ajiye kuɗin tarar a matsayin jingina, ka rubuta bayaninka. Jami'in ma za a nemi ya rubuto nasa. Idan bai rubuto ba, galibi ana korar ƙarar a mayar maka da kuɗinka. Idan kuma alƙali ya same ka da laifi, kana da kwana 20 ka cike TR-220 ka nemi sabuwar shari'a ido da ido, a fara daga tushe. Ka ga dama biyu ke nan. Sannan akwai dokar hana tarkon gudu, wadda ta ce ba a karɓar shaidar rada idan babu sabon binciken injiniyoyi da ya tabbatar da iyakar gudun titin. Abokina ya tsira da wannan hujja bara.

Hajiya ta Fresno:

Bayanin shari'ar rubutu daidai ne, amma hujjar binciken injiniyoyi ba za ta yi masa aiki ba. Wannan hujja ta titunan cikin gari ce, inda ake tuhumar mutum da sashe na 22350 na dokar motoci ta jihar, wato gudun da bai dace da yanayin hanya ba, kuma a can ne mutum zai iya cewa hanya a buɗe take, gari a washe, babu haɗari. A babbar hanya sashe na 22349 ake amfani da shi, iyakar mil 65, kuma ko mil 66 ka yi ka karya shi. Baban Aisha ya dubi takardarsa, na tabbata wannan lambar zai gani. Idan ya rubuta wa alƙali cewa 79 yake yi ba 81 ba, ya amsa laifi da hannunsa. Mafi kyawun abin da zai samu shi ne a rage masa tara, makin kuwa guda ne ko 79 ko 81.

Malam Mai Tirela, Ohio:

Salamu alaikum. Ina son in tayar da wata magana da na ga kowa yana ratse mata. Ɗan'uwanmu ya faɗa da bakinsa cewa allurar motarsa tana kusa da 80 a wurin da aka ce 65, matarsa da 'ya'yansa suna ciki. To da wane baki zai tsaya gaban alƙali ya ce bai yi ba? Ina magana ne a matsayin wanda wannan doka ta fi matsa wa. Mu masu lasisin manyan motoci dokar tarayya ta hana a ɓoye mana hukunci, makaranta ba ta wanke mana kundi. Wuce iyaka da mil 15 babban laifi ne a wurinmu, biyu cikin shekara uku a raba ka da sitiyari kwana 60, uku kuma kwana 120. Duk da haka, ranar da aka kama ni da gaskiya, na je na amsa, na roƙi sassauci, ban ce ban yi ba. Idan muna koya wa junanmu musanta abin da muka san mun aikata don a rage mana kuɗin inshora, me za mu ce wa yaranmu da suke zaune a kujerar baya suna ganin allurar?

Alhaji na Bronx:

Allah ya gafarta Malam, maganarku tana da nauyi, amma a ganina an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A kotun ƙasar nan idan mutum ya ce ba shi da laifi, ba rantsuwa ya yi ba, ba kuma shaida ya bayar ba. Ma'anarsa ita ce hukuma ta zo ta tabbatar da abin da take tuhuma. Alƙali ya san haka, ɗan sanda ya san haka, babu wanda aka yaudara. Ko a shari'armu ai hujja tana kan mai da'awa. Na'urar nan mutum ne yake riƙe da ita, tana buƙatar gwaji, kuma a hanya mai layi uku tana iya kama motar da ke kusa da kai. Na taɓa tsayawa gaban alƙali, jami'in ya karanta bayaninsa, sai ya ambaci launin mota da ba na tawa ba. Da na biya tun farko saboda kunya, da na ɗauki laifin wani. Talaka baƙo da bai iya Turanci sosai ba shi ne ya fi kowa saurin biya, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar a tilasta wa hukuma ta kawo hujjarta.

Malam Mai Tirela, Ohio:

Alhaji, na yarda da rabin maganarku, amma ku ƙarasa ƙa'idar: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Takardar da Ɗan Katsina ya ambata, a ƙasanta mutum yana sa hannu ne a kan cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma ya yarda a hukunta shi idan ƙarya ya yi. Wannan rantsuwa ce ko da ba a ɗora hannu a kan Alƙur'ani ba. Ku da aka ɗora wa laifin wata mota, haƙƙinku ne ku yi jayayya har ƙarshe. Wanda ya ga allurarsa a kan 79 kuwa, me zai rubuta a cikinta? Na ga samfuran da ake yawo da su a intanet, waɗanda mutum zai kwafa ya ce yana tafiya daidai da ƙa'ida. Wannan ne nake tsoratar da ɗan'uwanmu a kai.

Ɗan Katsina a San Jose:

Malam, ba lallai ne ya rubuta ƙarya ba. Yana iya rubuta cewa yana neman a tabbatar da tuhuma, ya tsaya a nan, bai ƙara komai ba. Amma na amince cewa idan jami'in ya aiko da nasa bayanin, irin wannan rubutu ba ya cin nasara, dogaro ne kawai da cewa jami'in zai yi sakaci.

Maman Hanif, Houston:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata tana tare da Malam. Na sha riƙe hannun uwa a bakin ƙofar tiyata, direban yana can gefe yana maimaita cewa ɗan ƙari kaɗan ya yi. Amma ba na ganin neman hanyar kare kundi laifi ne, domin hukuma ce da kanta ta buɗe ƙofar. A Texas idan mutum ya nemi kwas ɗin kiyaye haɗari kafin ranar da aka sa masa ta wuce, ba ya musanta komai, yana cewa ne ba ya jayayya. A ba shi kwana 90 ya yi kwas na awa shida, ya kawo shaida tare da kundin tuƙinsa, a kori ƙarar. Sau ɗaya ake yi a cikin watanni 12, kuma ba a ba wanda ya wuce iyaka da mil 25 ko fiye. Akwai kuma jinkirta hukunci, inda alƙali zai sa maka wa'adi da bai wuce kwana 180 ba, idan ba ka sake laifi ba a share. Maigidana ya yi kwas ɗin, kuma abin da na lura da shi shi ne tun daga lokacin yake barin tazara tsakaninsa da motar gaba, abin da na yi shekaru ina roƙonsa. Don haka a wurina makarantar ita ce hanyar da ta haɗa gaskiya da sauƙin aljihu.

Ɗan'uwa na Richmond:

Zan taɓa batun zama ɗan ƙasa, tunda har yanzu ba a amsa shi ba. Takardar N-400, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, tana tambaya ko jami'in tsaro ya taɓa kama ka, ya tsare ka, ko ya ba ka takardar laifi, kuma takardar gudu tana cikin wannan. Ka ambace ta ko da an kori ƙarar, ko da makaranta ta ɓoye ta, domin ɓoyewar ta kamfanin inshora ce, ba ta gwamnatin tarayya ba. Tarar hanya da ba ta kai dala 500 ba, wadda babu giya ko ƙwaya ko kamu a cikinta, ba a buƙatar ka kawo takardunta, amma ka adana rasidin ka tafi da shi ranar ganawa. Ƙaramar tara ba ta hana mutum zama ɗan ƙasa. Rashin faɗinta ne yake zama matsala. Ga masu ratsa Virginia kuma, ku sani cewa a nan wuce iyaka da mil 20, ko wuce mil 85 ko nawa ne iyakar, tuƙin ganganci ne, laifi ne da kotun hukunta masu laifi take saurare, hukuncinsa yana iya kai wata 12 a gidan yari da tarar dala 2,500. Wanda ya sami irin wannan takarda ya nemi lauya, kada ya yi shawara da mu kawai.

Baban Aisha, Sacramento:

Na duba, lambar 22349 ce kamar yadda Hajiya ta faɗa. Tambayata ta ƙarshe: idan na gwada shari'ar rubutu na faɗi, shin makarantar tana nan tana jirana?

Hajiya ta Fresno:

Dokar kotunan jihar ta ce musanta laifi ba ya hana mutum cancanta, kuma bai halatta a hana ka don kawai ka nemi shari'a ba. Sai dai bambancin yana nan: yau magatakarda ne zai ba ka da zarar ka biya, ba tare da tambaya ba, bayan shari'a kuwa sai alƙali ya ga dama, ya dubi kundinka, ya ga makin watanni 14 da suka wuce. Abin da ke hannunka tabbatacce za ka mayar abin roƙo, don neman tsira da dala 360 da 'yan kai, alhali abin da ke cikin haɗari ya haura dala 1,000. Da a ce ba ka cancanci makaranta ba, ko kana da yaƙinin ba kai na'urar ta kama ba, da ni ce ta farko da zan ce ka bi shawarar Alhaji. Idan kuma kuɗin ya yi maka nauyi a wannan wata, kotunan jihar suna da shafin MyCitations na neman ragi ko biya kashi-kashi ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma kana iya neman ƙarin lokaci kafin ranar da aka rubuta ta cika. Abin da ba a yi shi ne barin ranar ta wuce shiru.

Alhaji na Bronx:

A kan wannan takarda na sauka daga ra'ayina, tunda jiharku tana ɓoye makin gaba ɗaya. Namu kwas ɗin na awa shida yana rage har maki huɗu wajen lissafin dakatar da lasisi, yana kuma rage kashi 10 cikin 100 na inshora har shekara uku, amma hukuncin yana nan a kundi kowa yana gani. Shi ya sa mu a nan ba mu da mafita sai gaban alƙali, kuma har yanzu ban yarda cewa wanda ya nemi a kawo hujja ya yi ƙarya ba, Malam.

Malam Mai Tirela, Ohio:

Neman hujja ba ƙarya ba ne, Alhaji, na karɓi wannan. Abin da ake rubutawa a sa hannu a ƙasansa shi ne inda muka rabu, kuma ina nan a kan bakana.

Baban Aisha, Sacramento:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Da safen nan na shiga shafin kotu na biya tarar da kuɗin shiga makaranta, an ba ni ranar da zan kammala kafin ta cika. Na zaɓi makaranta daga jerin DMV, zan fara daren Juma'a bayan isha'i. An ce su ne za su aika wa kotu shaidar kammalawa ta kwamfuta, amma zan buga tawa in haɗa da rasidi a cikin jakar takardun N-400. Inshorarmu za ta sabunta nan da wata huɗu, saboda haka wata guda kafin nan zan biya dala 2 in ciro kundina daga shafin DMV in tabbatar makin bai hau ba. Hajiya, idan na ga wani abu da ban gane ba a ciki, zan dawo nan in tambaye ki.